Kafin Mu Yi wa Tafkin Chadi Jana'iza

Akwai wata jimla da ta zama tamkar sallama a duk taron da aka kira domin tattauna matsalar Arewa maso Gabas: "Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100." Shugabannin ƙasashe sun faɗe ta a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. 'Yan jarida suna buɗe rahoto da ita, ɗalibai suna buɗe kundin digiri da ita, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji kuma suna ɗora ta a shafin farko na takardar neman tallafi. Ni ma na rubuta ta, ba sau ɗaya ba, ban kuwa taɓa tsayawa na tambayi kaina inda ta samo asali ba. Yau na zo in janye ta, in kuma bayyana dalilin da ya sa nake ganin ci gaba da maimaita ta cutarwa ne ga mutanen da muke cewa muna tausaya wa.

Hanya ce ta sauya mini ra'ayi: hanyar Maiduguri zuwa Baga, mai tsawon kusan kilomita 200, wadda na bi sau biyu, shekara 17 tsakani.

Tafiyar farko

A watan Janairun 2006 na raka kawuna, wanda fataucin kifi ne sana'arsa, zuwa Baga. Mun bar Maiduguri bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, kowa a cikin mota ya ƙudundune da mayafi. Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba, da wuya ya gane abin da ake nufi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga Gajiganna zuwa Gajiram, daga nan har Monguno, babu dutse, babu tudun kirki. Ido kan yi ta tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba sai rumbuna da itatuwan ƙaya da garken shanun Larabawan Shuwa. Ƙasar ta zama kamar faifai ne saboda ƙasan tafki ce. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce ruwa ne ya rufe wannan sarari baki ɗaya, tafki mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 350,000, kuma doron yashin nan da ya ratsa ta Maiduguri zuwa Bama shi ne tsohuwar gaɓarsa. Duk wanda ya fita Maiduguri ya nufi Baga, a cikin tsohon tafki yake tuƙi.

Wajejen Monguno baƙar lakar firgi ta fara bayyana, ta tsattsage saboda rani, amma ga dawar masakwa tsaye a kanta ta fid da kai tana jiran girbi, wata uku bayan ɗaukewar ruwan sama. Ana dasa ta ne bayan damina, ta rayu da laimar da laka ta riƙe. Daga Kuros Kauwa muka karkata zuwa Baga, tun kafin mu shiga gari ƙamshin banda ya tarbe mu. A Doron Baga na ga kwalayen kifi an jibge su sun fi tsayin mutum, manyan motoci a jere ana yi musu lodi zuwa Onitsha da Inugu da Legas, ga buhunan masara da wake da aka fito da su daga cikin tafki a kwalekwale. A rumfa ɗaya za ka ji Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa da Ibo da Faransanci. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, nan ne wurin da talaka ke zuwa da taguwa ɗaya ya koma gida da kuɗin aure."

A wannan shekarar ce, 2006, fim ɗin tsohon mataimakin shugaban Amurka, Al Gore, kan ɗumamar duniya ya nuna wa miliyoyin masu kallo Tafkin Chadi a matsayin misalin tafkin da ya kusa ɓacewa. Ana yi masa ta'aziyya a can, mu kuwa a nan muna neman inda za mu sa ƙafa saboda kayan da ya haifar.

Inda kashi 90 ya samo asali

Adadin ba ƙirƙirarsa aka yi ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya sa a 1973 tafkin ya rabu gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da wani doro mai ciyayi a tsakaninsu. Farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin, har buɗaɗɗen ruwan da ya rage ya koma murabba'in kilomita 2,000 ko ƙasa da haka, kwarin arewa kuma ya bushe ƙayau a wasu shekaru. A 2001 wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin, Michael Coe da Jonathan Foley, suka wallafa bincike kan wannan raguwa, hukumar NASA kuma ta yaɗa hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna shuɗin ruwa yana ƙanƙancewa daga hoto zuwa hoto. Daga nan jimlar ta kama hanya.

Lissafin yana da aibi uku. Na farko, shekarar da aka ɗauka a matsayin ma'auni. Shekarun 1950 da farkon 1960 lokaci ne na damina mai albarka da ba a saba gani ba, saboda haka auna tafkin da 1963 kamar auna cinikin ɗan kasuwa ne da na jajiberin sallah, sannan a ce ya karye a sauran ranaku. Na biyu, an tsayar da agogo a shekarun fari, kamar ba a sake yin damina ba tun lokacin. Na uku, hotunan farko buɗaɗɗen ruwa kawai suke ƙirgawa. Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin kacala da sauran ciyayi, inda kifi ke hayayyafa, inda kwalekwale ke ratsawa, daga sama kore yake fitowa, sai a lissafa shi cikin tudu.

Domin a gane tafkin, sai a tuna cewa faranti ne. Zurfinsa a yawancin wurare bai wuce 'yan mitoci ba, rana kuma tana shanye kimanin mita 2 na ruwansa kowace shekara. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon yake zuwa, waɗanda suka taso daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa na Kamaru. In damina ta yi kyau a can, tafki ya bazu. In ta gaza, ya tsuke. A ƙasa mai shimfiɗa irin wannan, ƙaruwar rabin mita kan tura gaɓa ta yi tafiyar kilomitoci. Tun farkon ƙarni na 20, hafsan Faransa Jean Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka a yankin, ya tarar da tafkin a tsuke, kwarin arewa yana bushewa, shi ne ma ya kasa yanayinsa gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. A lokacin babu madatsun ruwa a kogunansa, babu injinan ban ruwa. Bayan shekaru kuma ruwan ya dawo.

Binciken baya-bayan nan ya tabbatar da abin da masunta suka daɗe da sani. Rahoton cibiyar adelphi ta Jamus na 2019 ya nuna cewa in aka haɗa da ruwan da ciyayi suka rufe, faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita wajen 14,000, kuma ya shafe kusan shekara 20 ba ya raguwa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2020 ya kai ga matsaya irin wannan, ya ƙara da cewa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a yankin ƙaruwa yake yi. Masanin labarin ƙasa Bafaranshe, Géraud Magrin, wanda ya daɗe yana nazarin yankin, tun 2016 ya kira batun ɓacewar tafkin tatsuniya.

Da ruwa ya ja baya, mutane binsa suka yi

Tatsuniyar tana da kashi na biyu, wanda ya fi na farko haɗari. Ana cewa tafki ya ƙafe, masunta da manoma suka rasa abin yi, talauci ya tura matasa cikin Boko Haram. Labari ne mai daɗin faɗa, amma tarihi bai goyi bayansa ba.

Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana cikin mafi albarka a duk Sahel. Laka ce mai taki, mai riƙe laima, ana shuka masara da wake da kuɓewa a kanta da rani ba tare da ban ruwa ba. Saboda haka a shekarun fari, lokacin da gero ke ƙonewa a gonakin tudu, mutane suka yi ta kwarara zuwa tafkin daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja da Damagaram, har da Mali. Sunayen garuruwan da aka kafa a kan tsohon ƙasan tafki sun isa shaida: Dabar Masara, Sabon Tumbu, Tumbun Gini, Doron Naira. Ba a raɗa wa wurin yunwa suna Doron Naira. Mutum ɗaya kan yi su lokacin cikar ruwa, ya yi noma in ruwa ya ja, makiyayi kuma ya shigo da dabbobinsa bayan girbi. Bin ruwan nan ne ya kai 'yan Nijeriya har Darak, suka zauna shekara da shekaru, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002 cewa wurin na Kamaru ne. Ƙasashe biyu ba sa zuwa kotu a kan kufai.

Nazarin da cibiyar bincike ta Faransa, IRD, ta yi wa Hukumar Tafkin Chadi a 2014 ya ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 2 ne ke zaune a gaɓar tafkin da tsibiransa, kuma abincin da suke samarwa yana taimaka wa wajen miliyan 13 a kewaye, har da Maiduguri da Njamena. Wato wurin da ake kira matacce shi ke ciyar da birane.

A duba jerin lokutan kuma. Tafkin ya yi mafi munin tsukewarsa a shekarun 1970 da 1980. Boko Haram a cikin birnin Maiduguri ta tsiro, a unguwanni da masallatai da siyasar birni, ta yi tawayenta a watan Yulin 2009. Sai daga baya, da aka matsa mata, ta gangara tafki. Ta je can ne saboda akwai abin ci, akwai harajin da za a karɓa daga masunta da makiyaya, akwai kuma duhuwar ciyayi da za a ɓuya. Kura ba ta kwana inda babu nama.

Tafiya ta biyu

A Janairun 2023 wani aiki ya mayar da ni wannan hanya. Ba a tashi da asuba yanzu. Sai da rana ta ɗaga aka buɗe shingen bakin gari, motoci suka fita a jere. Ƙasar tana nan a shimfiɗe kamar yadda na bar ta, amma ƙauyukan da muke tsayawa mu sayi nono da gasasshiyar masara sun zama kangaye, ƙaya ta cinye gonaki. Sai an kusa babban gari, wanda aka kewaye da rami, ake fara ganin noma, shi ma 'yan kilomitoci ne daga ramin. Monguno ta cika ta batse da mutanen da aka raba da garuruwansu, manoma na gado suna layin karɓar tallafin hatsi, alhali ƙasar da za ta ciyar da su tana nan a gabansu ido na gani. Kwalta ta ɓare a wurare da yawa, mota sai ta sauka gefe ta bi turɓaya. A shinge bayan shinge ina ganin direba yana miƙa hannu ta taga. Da na tambaye shi, ya ce, "Malam, da can awa uku muke yi. Yanzu in ka tashi da hantsi ka isa kafin a rufe hanya, sai ka gode wa Allah. Kuɗin nan kuwa da kake gani, a kan kifi za a fanshe shi."

A Baga na zauna da wani dattijo Bakabe, wanda ya ce mini tun yana saurayi ya zo tafki da komarsa. Na yi masa tambayar da na zo da ita daga birni, wato yaya suke fama da ƙafewar ruwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka ruwa ya ƙafe? Bana ma yawa ya yi, ya cinye mana gonakin bara. Abin da muka rasa shi ne ikon zuwa wurinsa. In ka shiga ka biya na ciki, in ka fito ka biya na waje. In an ga dama a ce da su kake, a ƙwace kifin." Na ce, "Baba, to me kuke so a yi muku?" Ya ce, "A bar mu mu je, mu dawo da ranmu, a bar mu mu sayar."

Maganarsa ta yi daidai da abin da kowa zai iya bincikawa. An kai wa Baga mummunan hari a Janairun 2015, mayaƙa suka sake ƙwace ta a Disambar 2018, sai a 2020 aka fara mayar da mutanenta. A ɓangaren Nijar, bayan kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a 2015, an hana cinikin kifi da na jan tattasai, wanda shi ne arzikin manoman gaɓar Komadugu, an kuma kwashe dubban mutane daga tsibirai cikin 'yan kwanaki. An sassauta dokokin daga baya, amma bayan jari ya riga ya narke. A Borno an taƙaita safarar takin yuriya don gudun a haɗa bam da shi, an kuma sha rufe cinikin kifin tafki don a toshe wa mayaƙa kuɗin shiga. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro, amma in aka tara su, talaka ne ya biya. A Janairun 2025 aka kashe manoma aƙalla 40 a Dumba, kusa da Baga, sanarwar hukuma kuma ta ce sun ƙetare iyakar da aka shata musu. Sun ƙetare ne saboda ƙasar noman tana bayan iyakar, yunwa kuma tana cikinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan musibu da rashin ruwa ya jawo.

Wa tatsuniyar ke yi wa rana?

Ruwa ba ya tsami banza. Jimlar da bincike ya rushe amma ta ƙi mutuwa, akwai wanda take yi wa aiki.

Tana yi wa masu mulki aiki, domin ta ɗauke laifi daga ƙasa ta kai shi sama. In tafki ne ya ƙafe, to laifin masana'antun Turai ne da hayaƙinsu, babu wanda zai tambayi gwamna ko minista dalilin da ya sa ƙauyukan gaɓa suka yi shekaru 40 babu makaranta, babu asibiti, babu kotu, babu hanya. Tana yi wa masu neman tallafi aiki, domin hoton kwalekwale a kan busasshiyar laka ya fi saurin buɗe aljihun mai bayarwa. Sannan tana yi wa masu manyan kwangiloli aiki.

Nan ne maganar Transaqua ta shigo. Wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya fito da shirin tun wajen 1980: a haƙa magudana mai tsawon kilomita 2,400, a tare rassan Kogin Kongo, a juyo ruwansu zuwa Shari. A tsarinsa na asali ana maganar ruwa mita cubic biliyan 100 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Shari ke kawowa ko a shekarunsa na albarka. A 2016 kamfanin PowerChina ya sa hannu kan yarjejeniyar nazarin aikin da Hukumar Tafkin Chadi, a Fabrairun 2018 kuma babban taron da aka yi a Abuja ya amince da shi a matsayin zaɓin da aka fi so. Kuɗin da ake ambata dala biliyan 50 ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya sha kai kukan wannan aiki gaban duniya. Magudanar za ta fara ne a Kongo, inda 'yan siyasa suka fito ƙarara suka ce ba su yarda ba, ta ratsa Afirka ta Tsakiya, wadda ke fama da yaƙi tun 2013. Ƙasashen da suka kasa tsare kilomita 200 tsakanin Maiduguri da Baga su ne za su tsare 2,400 a cikin dajin wasu.

A ce ma an yi. In aka mayar da tafkin yadda yake a 1963, ina za a kai Dabar Masara da Doron Naira da ɗaruruwan garuruwa irinsu? Gonakin masara da wake da makiyayar rani duk ruwa zai haɗiye su, domin albarkar wurin tana cikin zuwan ruwa da komawarsa. Ban taɓa jin an tara mazauna gaɓa an tambaye su ko suna son a cika musu tafki ba.

Mun kuma taɓa ganin irin wannan rawa. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur, Nijeriya ta ƙaddamar da shirin noman rani na kudancin tafkin a yankin Marte, da burin shayar da hekta 67,000 na alkama da shinkafa. An tsara shi bisa matakin ruwan shekarun albarka, aka haƙa magudana, aka girke manyan injina, aka buɗe kashin farko a 1979. Cikin 'yan shekaru ruwa ya ja baya ya bar bakin magudanar a tudu. Shirin bai taɓa shayar da ko kusa da abin da aka yi alkawari ba. A daidai wannan lokaci, talakawa da fartanya da kwalekwale suna bin ruwa suna cika kasuwanni da masara. Injiniya ya kafa siminti ya ce tafki ya zo ya same shi, manomi kuwa ya naɗe tabarmarsa ya bi tafki. Sakamakon kowannensu yana nan a rubuce.

Abin da masu ja da ni za su ce

Za a ce ina musun sauyin yanayi. Ban musa ba. Zafi yana ƙaruwa a Sahel, kuma dattijon nan na Baga da kansa ya ce mini da can suna iya faɗin watan da ruwa zai iso da inda zai tsaya, yanzu kuwa sai dai a yi ta kallo. Sai dai fuskar da sauyin ya nuna mana a shekarun nan ta rashin tabbas ce da ambaliya. A 2022 ruwan Shari da Logon ya mamaye unguwannin Njamena. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Wanda ya shafe shekara 20 yana shirin fari kaɗai, ambaliya za ta same shi a barci, kuma ta same mu.

Za a ce kwarin arewa fa? Wannan gaskiya ne. Ngigmi da ke Nijar a da tashar jiragen ruwa ce, yau ruwa kan zo kusa wata shekara, wata shekara ya yi nisa. Irin kifin ma ya sauya: giwan ruwa ya yi ƙaranci, tarwaɗa da ƙarfasa masu jure fadama suka fi yawa. Jama'a kuma na ƙaruwa, rikici kan wa ke da gona da wa ke da mashaya yana tsananta. Waɗannan matsaloli ne na haƙiƙa, amma babu wadda magudanar Kongo za ta warware a cikinsu kafin yaran da ke Monguno yau su yi furfura.

Laifi tudu ne. Mu da ke Kano da Jigawa muna da namu kaso. Komadugu Yobe ɗan ƙaramin ruwa yake kai wa tafkin in aka kwatanta da Shari, amma kwarin arewa yake zuba, kuma da shi manoman tattasai da shinkafa na Yobe da Diffa suke rayuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke gangarawa ta Haɗeja da Nguru, kacala ta toshe hanyoyinsa. Gyara yadda ake sakin ruwan waɗannan madatsu yana hannunmu, ba ya bukatar izinin Kinshasa.

Abin da ke gabanmu

Kashi ɗaya cikin 100 na dala biliyan 50 shi ne dala miliyan 500. Wannan ya isa a sake gina hanyar Baga daga tushe, a yi saura. Hanya mai kyau da ake bi ba tare da ɓarin kuɗi a kowane shinge ba ita ce farkon komai, domin kifi da albasa ba sa jiran kwana uku. Sai tsaro da zai bi manomi zuwa gonarsa, maimakon a killace shi a bayan rami a ba shi awo. Sai a daina dokar hana sana'a ta bai-ɗaya, wadda ke hukunta dubu don a kama goma, ta kuma tura wanda ya rasa abin yi hannun wanda ake yaƙa.

Akwai kuma aikin da bai kai kuɗin taro ɗaya a babban otal ba. Ruwan da ya sauka a Afirka ta Tsakiya a watan Agusta sai wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba yake cika Shari a Njamena, tafki kuma ya kai maƙurarsa wajen Disamba ko Janairu. Wato akwai makonni da yawa na gargaɗi. Da ana auna kogin yadda ya kamata, ana sanar da sakamakon a rediyo da Barbarci da Hausa da Larabci, da manomi ya san inda zai shuka, ya kuma san ranar da zai kwashe. Haka nan ana bukatar ƙa'ida bayyananniya, wadda bulamai da lawanai da ƙananan hukumomi suka yarda da ita, kan rabon ƙasar da ke fitowa bana ta nutse baɗi.

Saura mu masu alƙalami. Malamin da ke duba kundin ɗalibi, editan da ke tace rahoto, ma'aikacin da ke rubuta wa minista jawabi, mai tsara takardar neman tallafi: in jimlar kashi 90 ta zo gabanka, ka tambayi wace shekara aka auna, da wace aka kwatanta, kuma me aka ƙirga. In babu amsa, ka soke ta. Duk lokacin da muka rubuta cewa tafkin ya mutu, muna ba wa mai iko uzurin ya ɗaga kai sama ya yi addu'ar ruwa, ya bar abin da ke gabansa.

Da zan taso daga Baga, dattijon ya rako ni har bakin mota. Bai tambaye ni labarin Kogin Kongo ba, ina kuma zaton bai taɓa jin sunan Transaqua ba. Ya ce in na koma birni, in na ga manya, in tambaye su yaushe za a bar mutane su koma Dabar Masara, domin ruwa ya fara ja, lokacin shuka kuma ba ya jira. Ban ga manya ba, shi ya sa na kawo tambayar nan.